Turaren da Na Rufe Ciwon 'Yata da Shi

Assalamu alaikum. Ina gaishe da masu wannan mujalla da duk wanda idonsa ya kai kan wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin wadda abin ya fi shafa tana nan da ranta, kuma ta riga ta sha isasshen surutu saboda ni. A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai ji da kanta a unguwarmu cikin garin Haɗeja. Sana'ata haɗa turaren wuta da humra, na gaje ta wurin kakata ta wajen uwa, wadda Babarbariya ce. An ce yabon kai jahilci, amma gaskiya ita ce amarya ba ta tarewa a unguwarmu babu kwalbata a cikin kayanta. Allah Ya ba ni hanci. In na shiga ɗakin mace, kafin in kai zaune na san ko ta wanke shimfiɗarta ko kuwa ta fesa wani abu ne ta rufe. Kuma ba na barin magana a cikina, bakina ba shi da linzami. Mata nawa suka sha gori a wurina, ina ce musu tsafta daban ƙamshi daban, wadda ta rufe wari da turare kanta ta cuta. Ku riƙe wannan magana tawa, za ku ga inda ta kai ni.

'Yata ta fari ce abin ya faru da ita. Mu ta wajen uba Fulani ne. Shanun dai sun daɗe da ƙarewa, kunyar ce ta rage mana, ita kuwa mun riƙe ta gam. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba, daga "waccan" sai "ke". A hannun mahaifiyata ta girma, har ta tashi tana kirana Adda kamar yayarta. Yarinya ce mai sanyin hali, irin wadda ko ka taka ta ita ce za ta ba ka haƙuri. Ta yi aure a wani ƙauye can wajen Kirikasamma, mijinta manomin shinkafa ne, in ruwa ya kawo kuma ya taɓa kamun kifi. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, a tsakiyar marka, lokacin da hanyar ƙauyensu ta yanke sai da kwalekwale. Mahaifiyata ta riga ta rasu a lokacin, don haka duk abin da ya kamata kaka ta yi, a kaina ya faɗo.

Naƙuda ta zo mata da gardama. Muka kai ta asibiti, aka duba aka ce ɗan ya kwanta a gicciye, babu yadda za a yi sai tiyata. Hankalina ya tashi, amma a fuska kamar ba ni na haife ta ba, ina zaune a benci ina jan carbi. Allah Ya taimaka aka ciro 'ya mace lafiyayya, uwar ma ta farfaɗo. Ranar da za a sallame mu, wata nas, matashiya mai fara'a, ta zo ta ce tana son magana da wadda za ta kula da mai jego. Na tsaya a bakin labule na kawar da kai, don ba na son in kalli cikin 'yar fari. Nas ɗin ta yi dariya ta ce, Hajiya, yau ba ranar kunya ba ce, matso ki gani. Ta nuna mini wata filasta mai faɗi da aka lulluɓe ɗinkin da ita, ta ce wannan ba irin wadda muka sani ba ce, da magani a jikinta mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ke gadin ciwon. Kada a ɓare ta, kada a jiƙa ta, kada a shafa komai a wurin, har ranar da suka ce mu dawo su cire da kansu. Ta ce ko mun ga launinta ya ɗan canja kada mu damu. Amma in zazzaɓi ya zo, ko wurin ya kumbura, ko ruwa ya jiƙe ta, ko aka ji wari, to kada a jira ranar, a taho nan take. Da zan iya cewa ban ji ba, da na samu wurin ɓuya. Wallahi na ji, kalma bayan kalma.

Da muka koma gida, da farko na yi abin kirki. Tsofaffin unguwa suka zo suna tambayar ina tukunyar wankan jego, ina ganyen darbejiya, na ce likita ya hana fyaɗa mata ruwan zafi a ciki, goge jiki kawai za a yi. Suka taɓe baki, na ce su taɓe. Har ina ganin kaina wayayyiya. Ashe ramin da zan faɗa ba nan yake ba, yana cikin sana'ata. Yarinyar nan ta dawo da warin asibiti a jikinta, warin magani da na gumi, ga damina, ɗaki ya riƙe danshi, ga zafi. Ga suna yana matsowa. Ni kuwa na riga na sa a raina cewa sunan jikata ta fari shi ne ranar da zan nuna wa garin nan ko ni wace ce. Duk matan da nake haɗa wa turare za su zo, dangin miji za su tsallako ruwa su zo. A ce an shiga ɗakin 'yar mai turare an ji warin asibiti? Ina, ba da ni ba.

Sai na ce ai nas ruwa ta hana, ba ta hana hayaƙi ba. Na haɗa turaren tsuguno na musamman, da hawi da sandal da kajiji, na zuba garwashi a kasko, na sa yarinyar ta zauna a kan kujerar tsuguno na lulluɓe ta da zani mai kauri. Ta ce mini a hankali ɗinkin yana ja mata, kanta kuma yana juyawa. Na ce ke dai raguwa ce, mu da muka yi wankan jego da tafasasshen ruwa mun mutu ne? Safe da yamma nake yi mata haka, tana fitowa sharkaf da gumi. Ba a daɗe ba gefen filastar ya fara ɗagowa, ta yi wani duhu-duhu, toka-toka. Ni da ba na kallon cikinta don kunya, ranar nan kunyar ta tafi yawo. Na duba na ga abin ya yi mini ƙazanta a ido. Na ce a raina, su 'yan boko me suka sani, ciwo in bai sha iska ba yaya za a yi ya bushe? Ta riƙe hannuna ta ce, "Adda, an ce fa kada a taɓa." Na ture hannunta na ce ni za ta koya wa tsafta? Na ɓare filastar na jefa a shara. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na goge ɗinkin, na shafa humra a gefe da gefe, na yage sabon zani na ɗaure mata cikin tamau, wai don kada ta yi tumbi.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi ci mini rai, ya fi ɓare filastar ma. Ana saura kaɗan suna, na shiga ɗakinta da safe da kunun kanwa, sai hancina ya ɗauko wani abu a ƙarƙashin duk ƙamshin nan. Wari ne siriri, irin na naman da ya kwana ba a tafasa ba. Babu wanda zai ji shi a gidan in ba ni ba. Na tsaya da kwano a hannu, maganar nas ta dawo mini tar. Jikin yarinyar da zafi, leɓenta ya bushe, tana tafiya a duƙe. Na san abin da ya kamata in yi. Keke mai ƙafa uku yana nan bakin layi, asibiti ba nisa. Amma sai na hango kaina a gaban nas ɗin nan tana tambayar ina filasta, na hango raguna an saya, shinkafa an gyara, baƙi suna hanya, a ce mai jego tana asibiti saboda aikin uwarta. Sai na ce zazzaɓin nono ne, ko na sauro, ai damina ce. Na aika kemis aka sayo maganin zazzaɓi. Sannan na koma na ƙara garwashi a kasko. Ni da bakina na sha faɗa wa mata cewa mai rufe wari da turare kanta ta cuta, sai ga shi ni ba kaina na cuta ba, 'yata na cuta. Duk lokacin da warin ya ɗago, in ƙara turare, in ce wa raina a bari suna ya wuce, washegari da sassafe sai asibiti.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Dangin mijin suka iso da ƙafafunsu duk taɓo, da buhun shinkafa da bandar kifi. Na yi wa mai jego kwalliya, na zaunar da ita a bakin gado, kasko biyu suna ci a ɗakin. Mata suna shiga suna lumshe ido suna cewa kai, Hajiya, wannan haɗin ai ba na sayarwa ba ne, kin ɓoye wa 'yarki na gaske. Ina ta washe baki. Wata ma ta ce mai jegon ta yi fari ta yi kyau, alhali jini ne babu. Bayan la'asar uwar mijinta ta shigo za ta yi sallama, yarinyar ta yunƙura za ta durƙusa mata. Nan ta yanke jiki ta faɗi. Da aka ɗago ta, gaban atamfarta ya jiƙe da mugunya da jini, ɗinkin ya buɗe. Warin da na yi ta dannewa ya tashi gaba ɗaya, babu turaren da ya isa ya tare shi. Na ga mata suna toshe hanci da gefen mayafi suna ja da baya, a ɗakin 'yata, a gidana. Ko a wannan lokacin, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne me za a ce da ni a gari.

A asibiti nas ɗin nan ce muka tarar. Da ta kwance zanin da na ɗaura, fara'ar nan tata ta ɗauke. Ta kira likita, ya duba, ya juyo ya tambaya wa ya cire filastar, kuma tun yaushe ake jin wannan warin. Mijin yana tsaye, uwarsa tana tsaye, ni ina tsaye. Bakin nan nawa da ba ya shiru, ranar nan ya mutu. Sai yarinyar ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Ni ce na cire. Ƙaiƙayi take yi mini." Nas ta shiga yi mata faɗa, tana cewa ai a gabanta aka yi bayani, me ya sa mutane ke wasa da ransu. Uwar mijin ta tafa hannu tana salati. Mijin ya dube ta, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi mata ba, ya fita. Ni kuwa na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunyar 'yar fari ce da tausayi. Har nas ɗin ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, yaran yanzu ba sa jin magana. Na amsa mata da to.

Aka sake shiga da ita tiyata. Likita ya fito ya ce cutar ta ci ta wuce fata ta kai ga mahaifa, don a ceci ranta dole aka cire mahaifar. Mutum ne mai faɗin gaskiya. Ya ce ko da filastar tana nan ciwo yakan iya kamuwa, ba a yi wa Allah dabara, amma cire ta da shafe-shafe sun buɗe wa cuta ƙofa, jinkirin kawo ta kuwa shi ya kai mu nan. Ya ce da an zo tun ranar da aka fara jin wari, da wataƙila wanke ciwo da allura sun isa. Ranar da aka fara jin wari! Ni kaɗai a duniya na san wace rana ce. Yarinyar ta daɗe a kwance, ƙarin jini, ƙarin ruwa, wankin ciwo kullum tana cije zani. Nono ya ƙafe, jaririya ta koma madarar gwangwani. Sai da ruwa ya janye aka fara girbin shinkafa sannan ta koma ɗakinta, yarinya ƙarama, da 'ya ɗaya, kuma ta san babu wata bayanta.

Shekaru suka yi ta tafiya ina ɗauke da abin nan. Na ci gaba da sana'ata, amma gorin tsafta na daina, mata har suna cewa Hajiya ta tsufa ta yi sanyi. In 'yar tawa ta zo gida ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Duk wanda zai tafi ƙauyensu sai na ba shi turare mafi kyau ya kai mata, kamar wannan zai biya wani abu. Sai wata shekara da rani na je duba su. Muna zaune a tsakar gida, tana tsince shinkafa a faifai, wata maƙwabciyarsu mai tsohon ciki ta shigo. Uwar mijin ta shiga yi wa maƙwabciyar nasiha, ta ce in an yi mata aiki ta kama hannunta, kada ta yi irin na wasu, da suka ɓare da kansu don ƙaiƙayi suka datse wa ɗanta zuri'a. A gabana ta faɗa, tana nuna 'yata da haɓa. Yarinyar ko ɗago kai ba ta yi ba, hannunta bai tsaya da tsintar ba. Daga yadda ta yi na gane ba yau ne farau ba, abincinta ke nan na kullum. Na tashi na shiga ɗakinta don in ɓoye hawayena. A bayan gado na ga kwalaben turarena jere, duk waɗanda na yi ta aikowa, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ɗakin fes, babu ƙamshin komai sai na sabulu.

Ban san lokacin da na fito ba. Mijin ya dawo daga fadama yana wanke ƙafa a bakin randa. Ni da ban taɓa haɗa ido da surukina ba, na tsaya a gabansa, na kira 'yata da sunanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Faifan ya suɓuce daga hannunta. Na ce, "Ba ita ta cire ba, ni ce. Ta riƙe hannuna na ture. Na ji warin tun kafin suna, na rufe shi da turare don kada in ji kunyar mutane. Duk abin da kuka faɗa mata shekarun nan, nawa ne." Kaji suka taru a kan shinkafar. Uwar mijin ta ja mayafinta ta shige ɗaki. Shi kuwa ya je ya tsuguna kusa da matarsa, ya shiga tattara shinkafar da ta zube yana mayarwa a faifai, hawaye na bin gemunsa.

Da za ta raka ni bakin hanya na roƙe ta gafara, na tambaye ta me ya sa ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ta ce, "Adda, ni ma na ji warin. Na ga kina ƙara garwashi, na san kin ji. Kunyarki ce ta hana ni magana." Ta ce ta yafe mini tun tana gadon asibiti, turaren ne dai har yau in ta ji shi zuciyarta ke tashi, shi ya sa ba ta kunnawa, kuma ba ta iya zubarwa tunda daga hannuna ya fito. Wannan yafiya ta fi mini zagi ciwo. Da ta zage ni, da na ɗan samu sauƙi.

To 'yan uwana mata, musamman mu iyaye da kakanni da ake danƙa wa masu jego, ga abin da na koya, kuma da tsada na koye shi, tsadar ma ba ni na biya ba. Ciwon tiyata ba irin haihuwar da muka sani ba ne, iyawarmu ba ta kai nan ba. Abin da aka rufe ɗinki da shi a asibiti, ko ya yi miki muni a ido, ba ƙazanta ba ne, aikinsa yake yi. Ki bar shi sai waɗanda suka sa sun cire. In ya ɗago ko ya jiƙe, su za a koma wa, ba tsumma da humra ba. Ki ajiye tsuguno da ɗaurin ciki sai likita ya ce ciwo ya warke. In kin ji wari, ko jikinta ya yi zafi, ki bar raguna da baƙi a tsakar gida ki tafi da ita, suna ba ya guduwa, masu surutu kuma gobe sun sami wani abin. Ku kuma 'yan mata, in uwa ta kai hannu inda likita ya hana, ku yi magana da ƙarfi, wannan ba rashin kunya ba ne. Ni da 'yata kunya muka yi wa juna, ni ina kunyar gari ita tana kunyata, har aka yi asarar da ba ta dawowa.

Har yanzu ina haɗa turare, shi ne abincina. Amma duk wadda ta zo sayen na mai jego sai na tambaye ta ko aiki aka yi, in ta ce e, sai ta zauna ta ji wannan labari kafin in auna mata. 'Yata kuwa yanzu da sunanta nake kiranta, mata suna dariya wai Fulatancin Hajiya ya ƙare. In za ta zo gida, tun da safe nake kashe kasko in buɗe tagogi. Jikar tawa ta yi wayo, ta shiga makaranta, bakinta kamar nawa. Duk zuwan da za su yi sai ta hau cinyata ta ce, ke tsohuwa, wai yaushe za a haifa mini ƙani, kowa a ajinmu yana da shi. Uwarta takan yi murmushi ta ce sai yadda Allah Ya yi. Ni ce nake sauke yarinyar in tashi in bar ɗakin.